Ɗan Tsana Mai Rawanin Turkuɗi

Sallama gare ku, masu bin labarina. Ku gyara zama, amma wadda ta san dariya ba ta yi mata wuya ta ɗan matsa baya, don ni ranar da abin ya faru ko kusa bai ba ni dariya ba.

Sunana Rahamatu. Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen Gangara, cikin Damargu, irin garin da in kika yi atishawa a ɗaki sai an yi miki sannu daga bakin rijiya. A shekarar da ake ta zancen Gwamnan Nasara ya kwashe kayansa daga Damagaram ya koma Yamai, ni abin da ya dame ni bai kai can ba. Bazawara ce ni, ga goyo, ga rumbun da in kika zura hannu sai ki taɓo ƙasansa. Mijina Idrisa zazzaɓi ne ya ɗauke shi bayan girbi, ya bar ni da yarinya tana rarrafe. Da na fita takaba na naɗe 'yar tabarmata na koma ɗakin Innata.

Kun ji na ce "yarinya". 'Yar fari ce, kun kuwa san halinmu. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai ki bari wani ya ɗauka. Sunanta Asibi. Na faɗa muku ne don ku ba surukaina ba ne, kada kuma ku saba ji. A gaban jama'a ɗaure fuska nake yi kamar ajiyar 'yar maƙwabta aka ba ni. In na shiga ɗaki na saki asabari kuwa, har tafin ƙafarta nake sumbata.

Ba zan ɓoye muku ba, da taimakon mutane muke tsaye. In an fitar da zakkar hatsi, Maigari yakan ware wa masu marayu, a kawo mana namu har ƙofar gida. Wata Bafillatana ƙawar Inna ta ba ni aron akuya irin na al'adarsu, wanda suke kira habbanaye: ki yi kiwo, ki sha nono, 'ya'yan da ta haifa naki ne, uwar ki mayar wa mai ita. Sauran kuma daga gidan su Idrisa yake zuwa. Surukata, Iya Fatu, ba ta taɓa bari wata ya mutu ba ta aiko da gero ba, wani sa'in har da kanwa da ɗan man shanu. Sai dai geron Iya da magana ya zo. Ranar da na fita takaba ta kira ni ɗakinta ta ce:

"Rahamatu, ke yarinya ce, ba wanda zai ce ki tsufa a ɗakin uwarki. Amma ki ji da kyau. Wancan da ya tafi bai bar mini kome ba sai wannan 'yar. Tana hannunki muddin kina garin nan. Ranar da aure zai fitar da ke daga garin nan, ki sauke mini ita ki wuce."

Na ce to. Me zan ce? A lokacin ko zakara ba na son gani, balle namiji mai hula.

Abin da ya jawo mini magana allura ce. Yarinya ta fara tafiya, hannunta ba ya zama. Ta jawo wa Inna mazari tana cikin kaɗi, ta tsoma hannu a tukunya, ta dumbuzi ƙasa ta kai baki. Sai wata rana na yago gefen wani tsohon zanena, na wanke shi tas, na cusa auduga, na ɗaure wuya da zare, na ɗinke ƙasan. 'Yar tsana ta fito. Yarinya ta rungume ta, gida ya yi shiru har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya.

Daga nan abin ya shiga raina. Na yi mata ƙwallon tsumma mai ƙaiƙayi a ciki. Na ɗinka 'yar jaka ninki biyu na zuba 'ya'yan tsamiya, in ta girgiza sai ki ji kacau-kacau. Na yi ɗan majanyi don ita ma ta goya tata. Na yi raƙumi har da tozo, wanda Inna ta rantse jaki ne da ƙari ya fito wa a baya. Ki ji shawara, 'yar'uwa, in za ki yi wa naki: kada ki sa wuri ko tsakiya a wurin ido, da zare za ki yi, ki kuma wanke ƙyallen kafin ki taɓa allura, don yaro mai fitar da haƙori duk abin da ya riƙe baki zai kai. Ni mai ba ku shawarar nan, za ku ji yadda na yi da ita.

Matan gari suka fara aiko da ƙyalle a yi wa nasu 'ya'yan. Wannan ta ba ni ƙwai, waccan busasshiyar kuɓewa, wata ɗan wake a bakin zane. Miyarmu ta fara kauri. Matsalar ɗaya ce, a garinmu ba a zubar da tufa. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo, gammo ya koma abin toshe tulu. Dole na riƙa zuwa kasuwar Gangara ina bin rumfar maɗinka ina tsintar abin da almakashi ya yar.

A nan na gamu da Mahmudu.

Falke ne ɗan Damagaram, yana saro turkuɗi daga Kano yana kai wa Buzaye a Tanut da gaba da Tanut. Dogo ne, wuyansa kuwa Allah ya yi masa shi ba rowa, rawaninsa kullum a karkace wajen hagu kamar da gudu ya naɗa. Yana zaune kusa da rumfar, ina sunkuye ina tsince-tsince, sai na ji an ce:

"Baiwar Allah, wannan ƙyallen riga za a yi wa ɓera?"

Ban ɗago ba na ce, "Raƙumi za a yi."

"Raƙumi? To a yi mini ɗaya, nawa ya gurgunce tun daga Bakin Birji."

Yarinya tana bayana da raƙuminta a hannu. Ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ya fi nawa ƙiba. Me yake ci?"

"Auduga."

"Shi ya sa. Nawa ƙaya yake ci da haƙurina."

Sai yarinya ta ɗaga raƙumin ta jefe shi da shi a ƙirji. Na ji kamar in nutse. Shi kuwa ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe ƙurar, ya miƙa mata da hannu biyu yana cewa, "Allah ya huci zuciyar mai dukiya." Jama'a, ba fuskarsa ce ta kama ni ba, ba kuma kayan da ke gabansa ba. Wannan hannu biyun ne.

Daga ranar saƙo ya fara zuwa ta bakin Gwaggo Lantana, dillaliyar garinmu, wadda ke shiga kowane gida da faifan kaya a ka da labarin gidan da ta baro a baki. Takan sauke faifan ta yi kamar tana nuna mini zobe, ta rage murya.

"Ya ce a gaishe da mai raƙumi."

"Ki ce raƙumi ya amsa."

"Ya ce ita mai shi fa?"

"Ki ce tana daka."

"Ke 'yar nan, wannan ai ba amsa ba ce. Ni zan gyara miki a hanya."

Allah kaɗai ya san abin da take gyarawa, don kowace kasuwa sai na ga murmushinsa ya ƙara faɗi. Ya riƙa aiko da ƙullin ƙyalle, farin saƙi da ja da mai ratsi, wai a yi wa raƙumi sirdi. Inna ba ta san daga inda suke fitowa ba, ko kuma ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, amma huɗubarta ba ta yankewa. Ita ta ga yunwar Kakalaba da idonta, ba ta yarda da rumbu ba sai ta ji shi cike.

"Rahamatu, zaman me kike yi? Akuyar aro ce, geron na mutane ne, allurar ma ta kusa lanƙwashewa. In mai rufin asiri ya fito ki bi shi."

"Yarinyar fa, Inna?"

"Yarinya gidan ubanta za ta, ba dawa ba. Ni da na haife ki ba a hannun kakarki kika girma ba? Ga ki nan, sai taurin kai."

Nakan ɗauki allurata in ci gaba da ɗinki. Ta yaya zan dubi uwata in ce mata in aka raba ni da 'yar nan ba zan ƙara jin daɗin tuwo ba? Ba a faɗa. Ni kuwa abin da ke cikina ke nan.

Wata kasuwa Mahmudu ya tare ni a bayan rumfar masu kanwa. Ranar ba wasa a fuskarsa.

"Rahamatu, ayarinmu ya kusa tashi arewa. Ina so in turo manya kafin nan."

"Kada ka turo."

"Laifin me na yi?"

Na gaya masa maganar Iya daga farko har ƙarshe. Na ce in na bi shi Damagaram, wannan da ke bayana ba za ta bi ni ba. Can ya ce, "Ni tun ina yaro garina bayan raƙumi ne. Ban taɓa ganin gero tun daga shuka har girbi a wuri ɗaya ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan ƙyalle ya ba ni, ya ce in yi tunani.

Turkuɗi ne, ragowar bakin yadi, bai fi tafin hannu da rabi ba. Wadda ba ta taɓa riƙe turkuɗi ba, baƙi ne mai sheƙi, an buge shi da shuni har yana ɗaukar ido, kuma duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shaida. Shi ya sa kuke ganin goshin Buzaye shuɗi. A garinmu ko matar Maigari sai da salla take ɗaura shi.

Na san ya kamata in wanke. Na ma ɗebo ruwa a ƙwarya. Amma turkuɗi in ya sha ruwa sheƙinsa ya tafi, ni kuwa na kasa. Na zauna da hantsi Inna ta tafi barka, na ɗauko farin saƙin da ya aiko na yi 'yar riga. Na yi jiki, na yi kai. Da na zo wuya, wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya ƙi tsayawa. Na naɗa turkuɗin ya zama rawani, na ɗan karkata shi hagu. Na dube shi, shi ma ya dube ni da idon zare. Eh, ku yi dariyarku. Wannan ba na yarinya ba ne, nawa ne. Na tura shi can ƙasan lefe, na danne da zannuwa.

Na manta cewa 'yar da ta iya kwance ƙullin daddawar Inna, lefe ba zai gagare ta ba.

Washegari da sassafe na tafi rijiya na bar ta tana barci. Kun san rijiyar Damargu, kafin guga ya je ya dawo kin gama jin labarin gari. Sai da rana ta ɗaga na samu ruwa. Ina shawo kwanar gidanmu na ji salati. Na ga mata cike da ƙofa, har da masu muciya a hannu. Na ji muryar Inna tana kuka tana cewa, "Bakin ya yi baƙi! Harshen ma ya yi baƙi! Ku taimake ni!"

Ban san lokacin da tulu ya bar kaina ba. Na ture mata na kutsa, ina ihu da iyakar muryata: "Asibi! Asibi! Wayyo 'yata!" A gaban kowa. Na fizge ta na rungume, ina taɓa goshinta, ina taɓa ƙirjinta. Leɓenta shuɗi, dasashinta shuɗi, haɓarta har wuya shuɗi. Ita kuwa ta dube ni ta washe baki tana dariya, dalala na zuba.

Sai a lokacin na lura da wadda ke zaune a kan turmi. Inna da ta firgita ba ta aika a kira kowa ba sai wadda ta fi kowa sanin ciwon yara a garin, unguwarzomarmu. Wato Iya Fatu. Da ƙafarta, da kiran uwata.

Iya ba ta yi gaggawa ba. Ta miƙo hannu ta karɓi yarinya ta ɗora a cinya. Ta lashi babban yatsanta ta goga a kumatun, ta duba yatsan, ta kai hanci.

"Ku daina kuka," in ji ta. "Wannan ciwon ba a kamuwa da shi a garin nan. Daga Kano ake saro shi."

Ta sa hannu a cikin ɗan majanyin da yarinya ta ɗaura, ta zaro abin da na ɓoye a ƙasan lefe. Ya jiƙe sharkaf da yawu, rawanin ya tsotsu har ya yi laushi, amma yana nan a karkace. Iya ta ɗaga shi sama ta wuya, ta juya shi gaba da baya.

"Ikon Allah. Na ga 'yar tsana iri-iri, yau na ga ɗan tsana. Har da rawani."

Wata daga baya ta ce, "La ilaha! Ku dubi wuyan! Wallahi mai turkuɗin kasuwar Gangara ne!"

Gida ya kece da dariya. Wata har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Na hango Gwaggo Lantana tana sulalewa ta bayan rumbu da faifanta, abin da ba ta taɓa yi ba, barin wuri ana tsakiyar labari. Inna kuwa hawayenta bai bushe ba ta fara tafa hannu tana cewa, "Ni ban san kome ba, Iya. Na rantse ban san kome ba. Falke ne? Mai raƙuma nawa?"

Ni dai ina durƙushe, ruwan tulu a zanena, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Iya ta kori mata. Sun fita, amma kun san fitar matan garinmu, daga tsakar gida zuwa bayan danga ne. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi ta wanke wa yarinya baki da kanta, a hankali, tana yi mata wasa. Sannan ta ce in matso.

"Rahamatu, ban hana ki ba. Mutumin kirki ne a yadda nake ji. Maganata kuma tana nan inda na ajiye ta. Yaye ma ya zo. In kin ba shi baki, gobe in zo in ɗauke ta, ta saba da ni tun kina kusa."

Na sunkuyar da kai. Sai ta ƙara, muryarta ta sauya:

"Na ji ki ɗazu kina kiran sunanta. Ban ga laifinki ba. Uban 'yar nan shi ne ɗan farina. Har aka fita da shi ban taɓa kiran sunansa ya ji ba. Kada ki ɗauka mugunta ce ta sa na riƙe. Ba zan iya ba ne, kamar yadda ke ma ba za ki iya ba."

Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na dubi tsohuwar nan, na dubi 'yata a cinyarta tana jan ɗan kunnenta, na ji zuciyata ta rabu biyu. Ina son Mahmudu, yau na faɗa muku a fili. Ina son muryarsa da wasansa da karkataccen rawaninsa. Amma da na tuna wayewar gari a Damagaram ba wannan 'yar a gefena, sai na ji ba zan iya ba. Tsoro ne ya buɗe mini baki, shi ya sa maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so.

"Iya, ba na son shi! Wasa ne kawai. Ko shi kaɗai ya rage namiji a Damargu, ba na so!"

Daga bayan danga na ji an ce, "Kun ji fa."

Iya ta dube ni. Ta ce, "To." Ta miƙo mini yarinya, ta tashi ta kakkaɓe zane ta tafi. Inna ta zauna daɓas ta ce ita dai Allah bai ba ta 'ya mai rabo ba.

Da la'asar na warware rawanin, na ninke abin da ya rage na turkuɗin na kai wa Gwaggo Lantana.

"Ki mayar masa. Ki ce kada ya turo kowa."

"In gyara a hanya?"

"Gwaggo, wannan karon kada ki gyara."

Ta dube ni ta ce, "Ai ko ban kai ba ya ji. Maganarki ta riga ni isa Gangara."

Kwanakin da suka biyo ba su yi mini daɗi ba. In na je rijiya sai wata ta miƙa wuya ta karkata ɗankwali, sauran su fashe. Aikin 'yar tsana kuwa ya ƙaru, kowa tana so, amma sai an ce, "Mace za ki yi mini, Rahamatu, ba na son mai rawani." Ina dariyar dole ina karɓar ƙyalle. Yarinya dai tana nan, tana barci da ƙafarta a kan cikina, abin da na zaɓa ke nan kuma ban yi nadama ba. Sai dai ranar da ayari ya bi ta gabashin gari, ina jin kukan raƙuma da kiran madugu, ban fita kallo ba. Na zuba gero a turmi na yi ta daka har ya wuce gari ya kusa zama toka. Inna ta ce hayaƙi ne ya shiga idona, alhali ko wuta ba a hura ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Iya ta aiko wai in kai mata yarinya ta gani. Na goya ta na fita. Tun daga nesa nake jin bugun dagi. Da na zo kusa na ga an share filin da ke jikin dangar Iya, an tara dirkoki da zana. Wani mutum ya tuɓe babbar riga, ya ɗaure wando, yana haƙa rami. Haƙa dai ta wanda bai taɓa yi ba, dagin yana zuwa inda ya ga dama. Ba rawani a kansa. Amma wuyan nan, ko a cikin gero na gan shi na san shi.

Na ja na tsaya.

Iya tana zaune a tabarma a inuwa, tana ba da umarni kamar ita ta haife shi. "Ba nan ba, ɗan nan, matsa dama. Kai dai raƙumi ya cuce ka." Ta hango ni ta ɗaga murya yadda har bakin rijiya za a ji. "A'a, Rahamatu, ƙaraso ki gaishe da sabon maƙwabcina. Ya je wurin Maigari ya roƙi fili. Raƙuma ya damƙa wa ƙanensa sun wuce arewa. Wai noma zai koya, Allah ya jiƙan gero. Na ce masa ni dai ban ba shi shawara ba, don akwai wadda ta ce ko shi kaɗai ya rage a Damargu."

Mahmudu ya jingina da dagi yana haki, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Ya ce, "Ina kwana, Rahamatu. Na ji saƙo. Ban turo kowa ba, kamar yadda kika ce. Ni na zo."

Na dubi hagu, kawunan mata sun jeru a kan danga. Na dubi baya, ga Inna ta biyo ni ko mayafi babu.

"To," in ji Iya. "Shi ya zama ɗan gari. Wadda ta aure shi ba inda za ta, 'yarta ma haka. Saura ke. Da bakinki kika ɗaura a gaban matan gari, da bakinki za ki kwance. Muna saurare."

Wayyo ni Rahamatu. Murna ta cika mini ƙirji har tana yi mini ciwo, kunya kuma ta rufe ni. Sai na kwance majanyi, na sauke yarinya na miƙa wa Iya, wannan karon ba tsoron rabuwa. Na gyara ɗaurin zane, na taka har bakin ramin ban dubi fuskarsa ba.

"Ba haka ake riƙewa ba," na ce. "Kawo."

Ya miƙo mini dagin. Wata ta rangaɗa guɗa daga kan danga, Iya ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Ku dakata, ba a yi kome ba tukuna. Haƙa ba amsa ba ce, Rahamatu. Ki yi ta haƙa har ki tarar da ruwa, ni da jikata muna nan zaune, baki muke jira."